Ranar da Na Kai Inna Tafkin Kan Dutse

Ni ne ɗan fari a wajen Inna, kuma sai da na shekara hamsin a duniya ba ta taɓa yi mini magana baki da baki ba. Ba faɗa muka yi ba. Kunya ce irin ta mutanen da, wadda uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zama su yi hira. A ƙauyenmu, can gefen Shanono, sauran mata sun daɗe da sassautawa, amma Inna ta riƙe tata kamar an ba ta ajiya. Da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata. Taku goma ne tsakanin ɗakin da nata, amma in tana so a ce in je in yi wanka, saƙon sai ya bi ta bakin mutum uku, kafin ya iso na ƙara wani dattin a kan na farko.

Sunana a bakinta "wancan". In ta ji daɗina, "mutumin". Ranar da aka ba ni hedimasta na zo da murnata na durƙusa a ƙofar ɗakinta na faɗa mata, sai ta juya wajen ƙanwata ta ce, "Ki ce masa Allah ya sa albarka, kuma ya rage cin goro." In babu kowa a gida, dabba ma tana isarta. Na taɓa ji da kunnena tana gaya wa wata jar akuya cewa akwai tuwo a rufe a kwano, mai jin yunwa ya ɗauka. Akuyar ba ta ɗauka ba. Ni na ɗauka.

Ina ba da labarin nan a majalisa ana ta dariya, tawa ta fi ta kowa ƙara, don ni mutum ne da in na yi dariya a Shanono kaji sukan firgita a Rimin Gado. Amma abin yana cina a ciki. A wata damina Inna ta kwanta ciwo kusan wata biyu, ta tashi ta rame, ga yanar ido ta fara rufe mata ido ɗaya. Sai na zauna na ce wa kaina, kai malam, matar nan za ta iya tafiya ba ka taɓa jin ta ce maka "kai" ba. Abin da nake so ke nan, ba gona ba, ba gado ba. Ta dube ni sau ɗaya ta yi mini magana, ko da zagi ne.

Dabarar ta zo ne ta wayar ƙanwata. Wata rana da yamma tana nuna wa Inna bidiyon wasu duwatsu da ke can kudancin Kano, da tafki a samansu. Inna ta ƙura idon mai kyau ta daɗe tana kallo, sannan ta ture wayar.

"Ruwa a kan dutse? Ruwa gangara yake yi. Masu wayar nan ba sa tsoron Allah."

Ba laifinta ba ne. Ƙasarmu a shimfiɗe take kamar tabarma, gona na bin gona, gida na bin gida, in ka yi atishawa a gonarka maƙwabci ne zai amsa maka daga tasa. Abin da ya fi komai tsayi a wajenmu kuka ce, sai rumbu, sai jujin bayan gidan mai unguwa.

Nan take na ce zan kai ta ta gani. Na faɗa wa ƙanwata, ƙanwata ta faɗa mata, alhali duk muna zaune a tabarma ɗaya. Inna ta ce, "Ki ce masa zan je, don in ga ƙaryar da idona kafin ya ƙarasa rufewa."

Shirina shi ne daga ni sai ita. Ba ƙanwa, ba jika, ba akuya. Ƙanwata ta ɗaura ɗankwali za ta bi mu, na ce mata makanike ya gargaɗe ni, motar ba ta ɗaukar fiye da mutum biyu a doguwar tafiya. Ta dube ni, ta dubi motar, wadda duk garin ya san ta taɓa kai mutum goma sha ɗaya da rago ɗaurin aure. Sai ta kwance ɗankwalinta.

Sai dai a nan na tafka wauta. Da yake ban san hawan dutse ba, wani malami da muke koyarwa tare ya haɗa ni da ɗan jagora a ƙauyen da ke gindin duwatsun. Na kira shi muka shirya zai ware mana yini guda, mu kaɗai, ba tare da ayarin ɗalibai ko 'yan birni masu ɗaukar hoto ba. Ina ta yabon kaina da wayo. Ko kaɗan bai faɗo mini ba cewa da hannuna na ɗauko wa Inna ɗan aike.

Lokacin an yanke gero, dawa ba ta gama nuna ba. Muna idar da asuba muka kama hanya. Inna ta shirya kamar mai tafiya Makka a ƙasa: kular dambu, fura a jallo, buta, sallaya, da ƙullin daddawa na tsaraba, don a wajenta ba a shiga garin mutane hannu Rabbana, ko da garin na birai ne. Na buɗe mata gidan gaba, ta wuce ta zauna a baya, daidai ƙeyata, inda ko ta madubi ba zan hango ta ba.

Muka ratsa gefen birni muka miƙi hanyar kudu. Na gaishe ta, ta amsa wa taga. Na yi labarin farashin taki, na yi na auren wane da wance, na yi tari na ƙarya har sau uku ko za ta ce sannu. Shiru. Can da muka hau kwalta mai kyau na ɗan taka, sai na ji murya daga baya.

"Motar nan gudu take yi kamar an biyo ta."

Na rage. Bayan wata sa'a guda kuma, "Motar nan ba ta san mutum yana jin ƙishirwa ba?"

Na tsaya a gindin wata ɗorawa muka sha fura, ni da ita da motar.

Hantsi ya ɗaga muka isa. Ɗan jagoran yana jiranmu a bakin hanya, wani siririn dattijo, tsohon maharbi, da takalmin taya da sanda wadda ta girme ni. Kakanninsa mutanen tsafi ne, shi kuma coci yake zuwa, amma kafin mu tambaya ya nuna mana inda alƙibla take daga ƙasa, ya ce in mun hau zai sake nunawa don dutse yana juya wa baƙo kai. Inna tana fitowa daga mota ta gan shi, fuskarta ta washe kamar an yi mata bushara. Ta miƙa masa daddawa, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, har kaji da jikoki. Sannan ta ce, "Malam, ka ce wa wancan ya ɗauko kular nan, kada ya bar ta a rana."

Dattijon ya dube ni, ya dube ta. Taku biyu ne tsakanina da ita.

"Ranka ya daɗe, an ce ka ɗauko kula."

"Na ji," na ce.

"Ya ce ya ji, Hajiya."

Muka fara hawa. Ni dai Allah ya yi mini jiki, tumbina yakan riga ni shiga aji da minti guda. Kafin mu yi rabin falalen dutsen na farko, numfashina ya koma kamar zugazugin maƙera, gumi ya jiƙa ni har aljihu. Inna kuwa, wadda muka yi wata biyu muna jinya, ta cire silifas ta riƙe a hannu tana takawa a hankali, tafin ƙafarta yana kama dutse kamar na ƙadangare. Duk inda suka tsaya jirana sai dattijon ya nuna mata abu: ga ramin rema, ga itacen da ake jiƙa saiwarsa don ciwon ciki, ga kogon da kakansa yake yanka baƙin bunsuru in ruwan sama ya yi jinkiri. Ita kuma tana tambayarsa kamar 'yar makaranta. A yinin nan ta yi masa maganar da ta fi wadda ta yi wa babana a shekara.

Na iso ina rarrafe, na zube a inuwar wani dutse.

"Malam," in ji Inna, "ka tambaye shi ko a goya shi."

"Ranka ya daɗe, an ce ko a goya ka?"

"Ka ce mata wanda ya fara goyon shi zai ƙarasa."

Dattijon ya buɗe baki zai isar, ya fasa, ya fashe da dariya har yana dogara sanda. Inna ta ja mayafi ta rufe baki, amma na ga kafaɗarta tana rawa.

Da muka ƙure hawan, sai ga shi. Tafki ne sosai, kwance a cikin wani kwarin dutse kamar an zuba ruwa a akushi, kore shar daga gefe, baƙi wuluk a tsakiya, ba ko motsi sai inuwar gajimare da ke ratsa shi. Daga can sama kana hango gonaki ƙanana kamar facin riga. Iska tana kaɗawa da sanyi irin wanda ba mu san shi da rana ba. Inna ta tsaya ta daɗe. Ta matsa bakin ruwan ta tsuguna, ta ɗiba da tafin hannu, ta shinshina, ta kurɓa, ta wanke idon nan mai yana.

"Ashe gaskiya ne," ta ce. "Allah na tuba, na zagi masu waya."

Sai kuma ta waiga hagu da dama, ta tsuke fuska.

"Malam, duk ruwan nan ba wanda ya shuka ko albasa?"

"Hajiya, ai dutse ne, ba ƙasa."

"To ba a ɗauko ƙasar a kwando? Ku mutanen nan Allah ya ba ku, kun zauna kuna kallo."

A nan muka ci dambu. Da azahar ta yi Inna ta yi alwala da ruwan tafkin ta tayar da salla, ni kuma bayan na idar da tawa na ja dattijon bayan wani dutse na zazzage masa cikina. Na ce masa duk tafiyar nan don abu ɗaya na shirya ta, shi kuma ya zo ya zame mini gidan waya. Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba. Ya daɗe yana kallon ƙasa yana tona tsakuwa da sandarsa.

"Ni ma ɗan fari ne," ya ce. "Tawa ta tafi ba ta yi ba."

Sannan ya ce akwai tafki na biyu a ƙasa, hanya biyu ce ke kai wa gare shi. Ɗaya ta zagaya ta cikin ciyawa, ko jaki yana bi. Ɗayar ta cikin kwazazzabo ce, kuma akwai wani wuri a ciki da ba a sauka sai an riƙe mutum.

"Ni ba za ta ba ni hannunta ba, ni ma ba zan nema ba. Ka gane?"

Na gane.

Kwazazzabon tsaga ce a jikin dutsen, kamar an sara shi da gatari an fasa ƙarasawa. Muna shiga rana ta ɓace. Bango dama, bango hagu, tsayinsu ya fi kuka uku a ɗora, sama ta koma ɗan siririn ƙyalle shuɗi. Ruwa yana bin ƙasa iya idon sawu, da sanyi har cikin haƙori. In ka yi magana dutse ya maimaita maka. Na yi gyaran murya sau ɗaya, na ji kamar limamai biyar sun yi tare. A wani wurin sai da na juya a kaikaice na shanye tumbi kafin na wuce, Inna ta ce wa dattijon ya tambaye ni ko a shafa mini man gyaɗa.

Muka iso wurin. Gangara ce da ta kai ƙugun mutum, gansakuka ta lulluɓe ta, ruwa yana zuba ta kai. Dattijon ya dira kamar biri. Na bi shi, ba kamar biri ba. Ya ɗaga kai ya ce, "Hajiya, ku ɗan dakata, bari in duba gaba ko gwaggon biri ya tare hanya." Kafin ta amsa ya sha kwana, ƙarar sandarsa tana nisa har ta ɓace.

Ya rage daga ni sai ita. Tana sama, ina ƙasa cikin ruwa, na miƙa hannu biyu.

Inna ta duba dama, ta duba hagu. Wallahi neman ɗan aike take yi. Ta hango wani ƙadangare a jikin bango, ta buɗe baki ta ce, "Kai, ka ce wa..." Ƙadangaren ya gyaɗa kai sau biyu ya shige rami. Ta tsaya. Can sai ta warware gefen mayafinta ta sako mini shi, wai in riƙe nan.

"Inna, mayafi ba ya riƙe mutum."

Ta sa ƙafa ɗaya a bakin gangarar tana lalube, ƙafar ta zame kaɗan, ta janye da sauri. A nan na ga yadda ƙwaurinta ya zama kamar sillen kara, na ga tana karkata kai don idon mai kyau ya gano mata inda dutse ya ƙare. Sai kunya ta rufe ni. Tsohuwa mai ido ɗaya, wadda ba ta daɗe da tashi daga ciwo ba, na kawo ta bakin santsi don in ji daɗin kunnena. In ta faɗi a nan me zan ce wa ƙannena? Me zan ce wa Allah?

Na sauke hannuna.

"Inna, ki tsaya a nan, zan hawo. Akwai wata hanya mai sauƙi ta cikin ciyawa. Ni na ce a biyo ta nan. Ki yafe mini."

Ruwa yana ta zuba.

"Na sani," ta ce.

Na waiga bayana don in ga ko dattijon ya dawo. Ba kowa.

"Tun da aka ce mota ba ta ɗaukar mutum uku na sani. Miƙo hannun. Kai kuma ka tsaya da kyau, kada ka kayar da mu."

Na miƙa. Ta kama wuyan hannuna da wani irin ƙarfi, tafinta kaushi kamar bawon kuka, na tallafo ta na sauke. Ba ta fi nauyin damin gero ba. Da ƙafarta ta taɓa ƙasa na jira ta saki. Ba ta saki ba.

Muka ci gaba a haka cikin ruwan, tana riƙe da ni, tana kallon gabanta.

"Hannunka ya yi laushi. Alli ya lalata ka."

"Ina noma, Inna."

"Kana aika yara dai."

Muka ɗan taka. Sai ta ce, "Kana shekara uku ka yi ƙyanda. Ba ka sani ba."

"Kaka ta gaya mini."

"Ba ta gaya maka komai ba. Kana ɗakinta, surukai cike da gida, ba halin in shiga a ce ga marar kunya. Sai na jawo turmi na kai bayan ɗakin, saitin inda aka kwantar da kai. In na ji ka yi tari sai in ci gaba da daka. In na ji shiru sai in tsaya da taɓarya a sama har sai ka motsa. Kwana bakwai. Na dake geron gidan nan kaf, na shiga na maƙwabta. Sai da aka yi wata ana rabon gari a unguwa."

"Inna, wata guda?"

"Wata biyu ma. Kai dai ka yi shiru, ba kai ka daka ba."

Na yi dariya, dutse ya amsa, amma dariyar ta fito da ruwa a ido, na bar shi ya zuba tunda ko'ina a jiƙe yake. Ta ɗago ta dube ni da idon nan ɗaya, daga hula har haɓa, a hankali, kamar mai duba ƙwarya a kasuwa ko tana da tsaga.

"Ka yi furfura," ta ce. "Ban ga lokacin da ta fito ba."

Sunana dai ba ta faɗa ba. Ban kuma nema ba.

Bangon ya buɗe, haske ya dawo, ga tafki na biyu a gabanmu, ƙarami, da farin yashi a bakinsa da kanya ta sunkuyo kansa. Dattijon yana zaune a kan wani dutse ya ba mu baya, yana feƙe wani tsinke da ba ya bukatar fiƙa. Yana jin takunmu ya yi tari. Inna ta saki hannuna, ta gyara mayafi.

"Malam, ina gwaggon birin?"

"Ya tafi kasuwa, Hajiya."

"To ka ce wa wancan ya wanke fuskarsa, yamma ta yi, mu kama hanya kafin motarsa ta tuna ba ta da lafiya."

Dattijon ya dubi fuskata, bai isar da saƙon ba. Ya dai miƙo mini sandarsa ya ce in riƙe, hanyar komawa da ɗan tsawo.

Inna ta ƙara damina biyu a duniya. Ba ta sake yi mini magana kai tsaye ba, ko sau ɗaya, har ranar da muka kai ta. Amma labarin tafkin kan dutse ba wanda ya shigo gidan nan bai sha shi ba, daga mai tallan manja har ungozoma. Kullum dutsen ƙara tsayi yake a bakinta, ruwan yana ƙara zurfi, kwazazzabon ya kai tafiyar yini.

Wata ranar Juma'a na shiga gaishe ta na tarar mata sun cika tsakar gida, tana tsakiyar bayarwa. Na durƙusa a gefe. Ba ta dube ni ba.

"Muna isa wajen santsin nan," ta ce, "sai wancan ya tsaya a ƙasa jikinsa yana ɓari, ya kusa kifawa cikin ruwa. Da ban kama hannunsa ba da yanzu wani zancen ake yi. Haka na riƙe shi har muka fita."

Matan suka yi salati. Ƙanwata ta juyo ta ce, "Yaya, wai haka aka yi?"

Na ce haka aka yi.